Giyar da Ta Aske Abu Ziyad

A Kafar Lauz, ƙauyen nan namu da ke manne a jikin dutse yana leƙen tekun Batrun, ba a gama komai sai Abu Ziyad ya sa masa baki. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya yana buga wa wasiƙu hatimi. Da ya yi ritaya aka karɓe hatimin, amma ba a karɓe halin ba. In ka miƙa masa littafi, sai ya ɗora a tafin hannu ya ji nauyinsa, ya ce marubucin ya cika surutu. In ba shi da kauri kuma, ya ce ai ba shi da abin faɗa. Waƙa kuwa, a wajensa ta mutu tun ranar da aka daina rera mai awa guda, ko da yake kowa ya san ba ta kai minti goma yake fara minshari.

Abu ɗaya ne ba a yi masa musu a kai, gashin bakinsa. Baƙi wuluk, murɗaɗɗe, kowane gefe ya miƙe yana nuna sama. Shekara arba'in yana kiwonsa. Matarsa Wadad ta haifa masa Ziyad, ta ga tafiyar Ziyad ɗin Sidni neman abinci, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin leɓen mijinta na sama ba.

Majalisarsa shagon Sarkis mai aski. Wata Asabar a tsakiyar Yuli ya shiga ya tarar Sarkis ya jingina waya a jikin madubi, wasu samari biyu 'yan Beirut suna ta zuba a ciki, masu jiran aski suna dariya har da riƙe ciki.

"Mene ne kuma wannan?" in ji Abu Ziyad.

"Fodkas ne, shirin barkwanci," in ji Sarkis. "Zauna ka ji."

"Na ji. Marasa aikin yi biyu sun sami waya, wannan ya yi wa wancan dariya, wancan ya rama. Ni da zan buɗe baki a irin wannan abu, daga nan har Brazil sai an ajiye cokali a saurare ni."

"Mu na nan ma muna ajiyewa," in ji Sarkis, "amma ba don daɗi ba."

Ana cikin haka Rima ta shigo da kwando. 'Yar marigayi Tanyus ce, wadda ta je Beljiyam karatu ta dawo ta gyara tsohuwar matsar zaitun ta ubanta, take dafa giyarta kaɗan-kaɗan tana kai wa gidajen abinci na bakin teku. Sabuwa ta yi, tana so a ɗanɗana mata. Abu Ziyad ya karɓi kofi, ya ɗaga shi wajen haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ruwan wanke tukunya ne aka jefa wa ɓawon lemo."

"Ammu," in ji Rima, wato kawu, "kofi na uku ke nan fa."

"Tabbatarwa nake yi, 'yata. Ba na yanke hukunci da gaggawa." Ya murɗe gashin baki. "Kakana ya dafa arak, barasarmu ta gargajiya, wadda wani hafsan Faransa ya sha ya sara wa jaki. Giya kuwa ai ƙanwar arak ce ta bayan baya. In na ga dama, wata guda ya ishe ni."

"Ga daman mana," in ji Sarkis.

Baki dai shi ke yanka wuya. Abu Ziyad ya miƙe tsaye ya ce ranar Idin Maryamu, bayan an fito coci, a gaban tukwanen harisa, faten alkama da naman da ake rabawa ranar, zai kawo tasa giyar, kuma a nan zai buɗe nasa shirin na waya, duniya ta ji yadda ake magana a kan littafi da waƙa da abin sha. In Abuna Mikhayil, limamin cocin, ya shanye kofi guda har ƙasa, to ya ci.

"In bai shanye ba fa?" in ji Sarkis.

Abu Ziyad ya kai hannu ya tsige gashi ɗaya daga gashin bakinsa, ya ajiye a kan teburin aski. A garinmu mutum kan rantse da kabarin ubansa a yi dariya a wuce, amma wanda ya tsige gashin baki ya ajiye, to magana ta ƙare. Sarkis ya ɗauki gashin da hantsaki, ya sa a kwalin ashana, ya ɗora a kanta kusa da rezarsa.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Wadad tana bakin ƙofa tana gyaran wake.

"Abu Ziyad, kai da ko gahawa ba ka taɓa dafawa ba tare da ta zube ba?"

"Gahawa aikin hannu ce. Giya aikin kai."

"To Allah ya ji ƙan kan," ta ce, ta ci gaba da wakenta.

Mako biyun farko sun tafi a neman sunan da zai sa wa giyar. Ya tsaya a kan Zakin Dutse, ya sa aka buga masa takardun mannawa ɗauke da zanen gashin bakinsa. Rima, da yake yarinya ce mai kirki, ta rubuto masa awo da lokutan komai a takarda. Ya yi godiya, ya ninke takardar huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Da ya ga kwana ya ƙure sai ya sayo tsiron sha'ir buhu guda da wani ƙaton abin dafa ruwa na lantarki. Wutar gwamnati awa biyu ce a yini, saura ta janareton unguwa, kowane gida da iyakar abin da zai ja. Yana jonawa makunninsa da ke akwatin kan falwaya ya faɗi. Ya sauka matakala arba'in ya ɗaga, ya hawo, ya jona, ya sake faɗuwa. Sau bakwai. A na takwas ya ce ai wannan ƙaramin abu ne ga mutumin da ya san waya, ya zare tasa ya soka a layin maƙwabci. Maƙwabcin kuwa Sarkis ne, kuma a daidai lokacin injin askinsa yana tsakiyar kan mai gari. Mai gari ya fito titi da tawul a wuya, rabin kai fes, rabi daji.

"Wa ya taɓa min wuta?" in ji Sarkis daga bayansa.

"Aro na yi," in ji Abu Ziyad daga kan tsani.

"Ara da kyau. Kwalin ashanata yana nan, ba ya bukatar lantarki."

Sai ya koma itace. Ya ɗauko tukunyar jan ƙarfe da Wadad ke dafa maɗin inabi, ya hura wuta a tsakar gida, hayaƙi ya shiga gida huɗu. Ya zuba za'atar, ganyen ƙamshin nan namu, cikin tafi biyu, wai don giyar ta san ƙasarsu. Ya ƙara ɓaure, ya ƙara kanumfari, ya juye a ganga, ya watsa yis mai sa giya tashi, ya rufe. Wari ya tashi har kajin Imm Jurj, maƙwabciyarsu ta bango ɗaya, suka ƙaura ƙarƙashin bishiyar bayan gida.

A kwana na huɗu Rima ta biyo, ta kara kunne a jikin gangar, ta ji tana ta ɓulɓul.

"Ammu, ba ta gama tashi ba. Ka ba ta kwana goma. In za ka ɗura, sukari rabin ƙaramin cokali a kowace kwalba, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu."

"Kwana goma? Idi saura tara. Kuma rabin cokali kika ce? Wannan rowar Turawa ce kika kwaso. A gidan ubana ba a taɓa ba baƙo rabin cokalin komai ba. Ludayi za a sa, kuma na maɗin inabi."

"Ba baƙo za ka ba ba, Ammu, yis za ka ba. In ya ci ya ƙoshi iska zai yi ta saki, kwalbar ba za ta ɗauka ba."

"To ya ci ya gode. Duhu kuma, gaya min, me ya taɓa nuna a duhu a garin nan? Ɓaure a kan soro muke shanya shi. Tumatir a kan soro. Alkama a kan soro. Uwarki ma a kan soro ta ga ubanki. Sai giya ce za a ɓoye a ɗaki kamar mai takaba?"

Rima ta juya ta bar shi. Ta gaida Wadad, ta ce mata a hankali kada ta hau soro kwanakin nan.

Ranar ya kwashe kwalaben ɗakin ajiyar Wadad kaf, na ruwan wardi, na ruwan tsami, na ruwan tumatir, guda sittin. Kowace ya ba ta ludayinta, ya ɗura, ya toshe da toshiya, ya ɗaure da zare, ya manna gashin baki. Ya jera su sahu-sahu a kan soro cikin ranar Agusta, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallonsu. Rabonsa da irin wannan farin ciki tun ranar da aka haifi Ziyad.

Kwana uku bayan nan, da azahar, aka ji tau daga saman gidansa. Aka sake jin tau, tau. Makon fitar sakamakon jarrabawa ne, mu kuwa in murna ta ci mu sama muke harbi. Kafin a ce me, tsakar gidan Wadad ta cika da mata da farantan alewa.

"Barka, Imm Ziyad. Wa ya ci?"

"Wa muke da shi a makaranta?" in ji Wadad.

"To Ziyad ne ya yi aure a Sidni ba ku gaya mana ba?"

Baƙo ba a kora shi, don haka sai da Wadad ta dafa gahawa butoci uku tana harar matakalar soro. Abu Ziyad ya sauko wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce gwaji yake yi, giyar da ba ta magana ai ba giya ba ce. Bai rufe baki ba Imm Jurj ta shigo riƙe da babban faranti. Markaɗen tumatir ɗinta ne na shekara, da ta shanya a nata soron, kumfa ta lulluɓe shi, ga toshiya biyu a tsakiya.

"Wannan fa, Abu Ziyad? Shi ma magana yake yi?"

"Na ƙara masa daraja. A Beirut kuɗi za ki biya a yi miki haka."

"To zo ka ci darajar da burodi. In ba don Wadad ba, wallahi da kai zan kife farantin nan."

Kwalba bakwai suka tafi a ranar. Rima ta aiko a ce masa ya sassauta toshiyoyin iska ta fita, ya sauko da su inuwa. Shi kuwa ya ce ya gano matsalar, zaren ne ba shi da ƙarfi. Ya sayo wayar ƙarfe ya ɗaure sauran hamsin da uku tamau da filaya. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar Idi ya sa farar riga, ya daɗe a gaban madubi da wata 'yar kwalba da yake ɓoyewa a bayan maganin ciwon baya. Ya loda akwatuna a but ɗin tsohuwar Marsandinsa. Wadad ta ce ita ƙafa za ta taka, ta yi wa Maryamu alkawari. Daga gidansa zuwa coci hanyar duwatsu ce mai ramuka goma sha ɗaya, kuma Abu Ziyad bai taɓa yarda rami ya sa shi rage gudu ba.

Filin coci ya cika. Tukwanen harisa uku suna kan wuta tun jiya, alkama da naman rago sun narke sun zama ɗaya, maza suna tuƙawa da muciya mai tsawon mutum, kowa riƙe da kwanonsa. Abu Ziyad ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera kwalabe, ya jingina waya a jikin tulun ruwa. Ya danna inda Ziyad ya koya masa, maganarsa ta fara tafiya kai tsaye zauren waya na 'yan garin da ke ƙetare, daga Sidni har Kano.

"Masu sauraro," ya ce, "yau za ku ji bambancin mai ilimi da mai surutu. Za mu fara da abin sha, mu gangara kan littattafai, in lokaci ya rage in gyara muku waƙa. Abuna, bismillah, matso da kofinka."

Abuna Mikhayil, dattijo mai farin gemu da sanyin hali, ya matso. Rima ta ja Wadad suka koma bayan itacen zaitun. Abu Ziyad ya sa filaya ya datse waya.

Toshiyar ta tashi sama ta bugi ƙararrawar coci, ƙararrawa ta amsa. Abin da ke cikin kwalbar ya biyo ta gaba ɗaya, ya sauka a gemun Abuna.

"Masu sauraro," in ji Abu Ziyad, "wannan shi ake kira ƙarfi."

Da ya dire kwalbar a tebur, sauran suka ji an buɗe wa 'yar'uwarsu hanya. Ta kusa da ita ta tsinke wayarta, ta gaba ta bi, sai abu ya zama na kowa. Toshiyoyi suna ta shawagi, kumfa tana tashi tsayin mutum biyu. Mata suka ruga da farantai suka rufe tukwanen harisa, yara suna bin toshiya suna tsinta, mai gari ya shige ƙarƙashin tebur da kwanonsa. Tsoho Abu Jurj, wanda ya ga yaƙi da idonsa, ya kwanta rub da ciki yana ce wa mutane su kwantar da hankali, ba daga teku ake harbowa ba, daga teburin Abu Ziyad ne.

Shi kuwa gogan yana tsakiya, ya rungume kwalba uku a ƙirji yana danne bakinsu da yatsu, bai daina bayani ba. "Kun ji ƙamshin za'atar? Wannan Turawa ba su... Abuna, kauce. Kamar yadda nake cewa, marubutan zamani..." Ɗaya daga cikin ukun ta kufce ta wanke masa fuska.

Da abin ya lafa, aka fito ɗaya bayan ɗaya. Nan aka ga abin da shekara goma ba a gani ba. Gashin bakin ya kwanta ya rataya, baƙin da ke jikinsa yana ɗiga a farar riga, abin da ya rage fari fat kamar gemun Abuna.

"Ashe zakin ma fenti ne," in ji Imm Jurj.

"Sharaɗi kofi guda ne," in ji Abu Ziyad. "Ba a sha ba tukuna."

Gaskiya ne. Aka bi kwalabe hamsin da uku ana tsiyayewa, da ƙyar aka haɗa rabin kofi na wani abu mai kalar ruwan kwata, kanumfari yana iyo a sama. Abuna ya matse gemunsa, ya karɓa. Yana son Abu Ziyad, shi ya ɗaura masa aure, kuma kowa ya ga da gaske yake son ya cece shi. Ya yi alamar gicciye, ya kurɓa. Ya daɗe idonsa a rufe.

"Ɗana," ya ce, "shekara arba'in ina yi wa mutane wa'azin haƙuri. Yau na ga iyakar nawa." Ya ajiye kofin.

Sarkis ya fito daga cikin taro da kwalin ashana a hannu ɗaya, reza da sabulu a ɗayan. Ya ce dama ya taho da su ne ko da za a bukata. Aka jawo kujera. A nan dariya ta fara raguwa, don an ga dattijon ya tsorata da gaske, hannunsa yana kan leɓe kamar mai kare yaro daga duka. Rima ta ji tausayinsa ya kama ta.

"A yafe masa mana," ta ce. "Da ni aka yi, ni na yafe. Ammu, gobe ka zo mu dafa tare."

Mutane suka ce haka ne, a bari. Sarkis ma ya fara ninke rezarsa. Abu Ziyad ya dubi kwalin ashanar, ya dubi jama'a, ya zauna a kujerar.

"Gashin bakin da aka yafe wa ba gashin baki ba ne," ya ce. "Aske, Sarkis. Kuma ka riƙe rezar da kyau, na daɗe ina lura ba ka iya riƙe ta ba."

Sau huɗu reza ta wuce, shekara arba'in suka zube a tawul. Wadad ta matso ta tsaya a gabansa, ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta sa gefen mayafinta ta goge masa sauran sabulu.

"Ashe bakin ɗan ƙarami ne," ta ce. "Duk maganar nan ta nan take fitowa?"

Filin ya ɗauka da dariya, har Abuna sai da ya nemi wurin zama. Wadad ta karɓo masa harisa kwano cike, ta zauna kusa da shi ya ci. Wayar kuwa tana nan jingine da tulu, ba wanda ya tuna ya kashe ta.

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu ya shiga shagon Sarkis, ya tarar waya a jikin madubi, masu jiran aski suna riƙe da ciki. Ya kasa kunne, sai ya ji tau, ya ji ƙararrawa, ya ji muryarsa tana cewa wannan shi ake kira ƙarfi. Sarkis ya ce abin ya zaga Beirut, har samarin nan biyu sun aiko suna roƙon ya zo shirinsu.

Abu Ziyad ya kai hannu zai murɗe gashin baki, ya kama iska, ya wayance da sosa hanci.

"Na gaya muku za a ajiye cokali," ya ce. "Barkwanci tsari yake so, ba kowa ya san lokacin da zai buɗe kwalba ba. Ku ce musu ba ni da lokaci. Littafi zan rubuta, kafin Kirsimeti, wanda sai an sa hannu biyu a ɗaga shi."

"In ba ka rubuta ba fa?" in ji Sarkis.

Abu Ziyad ya dube shi. Ya ga inda idon Sarkis ya tsaya, ya yi maza ya rufe girarsa da hannu.